Fizgar wuya bayan hatsari: kurakuran da muke tafkawa, har da nawa

Muna tsaye a danja cikin adaidaita sahu, ina baya ina latsa waya, kawai sai ji na yi gam, wata mota ta daki bayanmu. Ba wani mugun duka ba ne fa, fitila ce kawai ta fashe, direbobi suka fito aka ɗan yi cacar baki, mutane suka taru ana ta "a yi haƙuri tsautsayi ne", ni kuma na shafa jikina ba jini ba karaya na ce alhamdulillahi na tari wani na wuce gida. Da asuba na zo sallame sallah wuya ya ce bai san zance ba. Dama ta ƙi, hagu ta ƙi, sai da na juya da ƙirjina gaba ɗaya kamar wanda aka ɗaura wa katako a baya.

Abin da ya same ni shi likitoci ke kira wiflash, asalin kalmar daga kaɗawar bulala ne, wani likitan ƙashi a Amurka mai suna Harold Crowe ya fara amfani da ita a 1928. Ni dai fizgar wuya nake ce masa. Kan babban mutum ya kai kilo 5 ko kusa da haka, yana zaune a kan ƙasusuwa 7 na wuya, to idan aka daki mota ta baya kujera za ta ingiza gangar jikinka gaba, kai kuma a bar shi a baya, sannan ya dawo gaba da ƙarfi, duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Naman wuya da jijiyoyin da ke riƙe ƙasusuwan su ne suke shan wahalar, kusan irin targaɗe ne amma a wuya. Faɗuwa daga mashin ko karo a filin ƙwallo ma suna kawo shi.

Kuskurena na farko shi ne "ai ba abin da ya same ni". Wannan ciwon yana da laɓewa, a lokacin jiki ya ɗau zafi ba za ka ji komai ba, sai bayan awanni ko washegari, wani ma sai kwana 2, sannan wuya ya sanƙare, ciwon kai ya taso daga ƙeya, kafaɗu su yi nauyi, wani har da jiri da kasala. Don haka in an buge ku kar ka yi saurin cewa lafiyarka ƙalau, ka saurari jikinka kwana biyun nan, kuma kar ka tashi washegari ka kama dogon tuƙi ko ɗaukar buhu.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Hannu ko ƙafa ya mutu ko yana tsira-tsira kamar ana soka allura, abu yana suɓucewa daga hannunka, tafiya tana gagara, fitsari ko bayan gida ya ƙwace ko ya ƙi fita, zafi mai tsanani daidai kan ƙashin tsakiyar wuya in an taɓa, suma, amai, gani bibbiyu, magana tana sarƙewa. Ko ɗaya ka gani a tafi asibiti a take. Haka wanda ya kai shekara 65, ko wanda mota ta wuntsila da shi ko ta jefo shi waje, a duba shi ko da ya ce garau yake. Dalili kuwa laka ce ta ratsa ta cikin ƙasusuwan nan, in akwai karaya ko gocewa motsi ɗaya na ganganci zai iya shanye mutum har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa abin da muke yi a wurin hatsari yake ba ni tsoro, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, kai yana reto a jefa mutum a bayan a-kori-kura. Niyyar taimako ce wallahi, amma in ba wuta ce za ta tashi ba a bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya tallafe kan da hannu biyu kar ya motsa, a kira 'yan Road Safety a 122. In dole sai an ɗaga shi, a sa katako ko ƙofa a ƙarƙashinsa, kai da gangar jiki su tafi a miƙe tare.

Sai masu ba da shawara. Kwana biyu da abin wani maƙwabcina ya ce "ranka ya daɗe ai jijiya ce ta hau kan jijiya, mu je a ja maka shi". Mai askina ma da ya ga yadda nake zaune ƙiƙam ya ce bari ya ɗan murɗa min ya yi ƙas, wai nan take zan ji sakayau. Allah ya taimake ni tsoro ya hana ni. Ban raina masu ɗori ba, amma wuyan da bai daɗe da fizguwa ba ba a jansa ba a murɗa shi, balle ba a tabbatar ƙashin lafiya yake ba. Tausa mai taushi a kafaɗa bayan kwana biyu ba laifi, banda danna da gwiwa ko a sa yaro ya taka ka.

Inda na fi tafka shirme shi ne abin wuyan nan na soso da ake sayarwa a kemis. Na saya na ɗaura, na ji daɗi, na kwanta a ɗaki kusan sati biyu ina kallon silin, ko ruwa sai an miƙo min. Ranar da na cire shi wuya ya fi da sanƙarewa, kan ma ji na yi ya min nauyi. Da na je sashen gashin ƙashi matar da ta duba ni kallona kawai ta yi ta ce Malam wa ya ce ka sa wannan? Bayanin da ta min shi ne naman wuya in aka ɗauke masa aikinsa rauni yake yi, gaɓoɓin kuma su daskare, don haka yanzu in an tabbatar ba karaya shawarar da ake bayarwa ita ce mutum ya ci gaba da harkokinsa daidai gwargwado, ya riƙa motsa wuyan a hankali. Abin wuya sai in likita ne ya ce, shi ma na ɗan lokaci. Mu kuwa a wurinmu mara lafiya kwanciya aka san shi da ita, in ka fito ma faɗa za a maka wai kana wasa da lafiyarka.

Motsin da ta koya min ba wani abu ba ne mai wuya. Ka zauna a miƙe, ka juya dama a hankali kamar mai sallama har inda ka fara jin ja, ka dawo, ka yi hagu. Ka kai kunne wajen kafaɗa, ka sunkuyar da haɓa ka ɗaga, ka juya kafaɗu baya. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, ni na haɗa shi da lokutan sallah don kar in manta. Ɗan zafi ba komai ba ne, amma in ya harba zuwa hannu ko jiri ya ɗebe ka, ka tsaya ka koma a duba. Kwanakin farko ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15 zuwa 20, daga baya tawul mai ɗumi. Man zafi kuma a shafa shi kaɗai, kar a shafa sannan a ɗora ruwan zafi a kai, fata ce za ta ƙone.

Magani ma ana kwaɓa shi. Ka je kemis a ƙulla maka haɗi a leda, ibuprofen da diclofenac a ciki lokaci guda alhali dangi ɗaya ne, sai ka wayi gari da gyambon ciki ko ƙoda ta taɓu. Farasitamol ya isa ga mutane da yawa, babba kar ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 mai miligiram 500. Ibuprofen sai da abinci, mai olsa da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tambayi likita tukuna. Tiramol kuwa kar ma a fara, mun ga inda ya kai samari.

Wani abin kuma, an yi maka hoto an ce ba a ga komai ba, sai ranka ya ɓaci, ko 'yan gida su fara cewa raki ne. Hoton eksire ƙashi yake nunawa, ba ya nuna naman da ya ja, ciwonka gaskiya ne. Yawanci cikin makonni zuwa wata 2 ko 3 ake warwarewa, nawa sai da ya kusa wata biyu saboda kwanciyar da na yi. In sati ya wuce ba sauƙi ko abin ƙaruwa yake, a koma asibiti, 'yan Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala. Af, in wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi, musamman lokacin bazara, kar a ɗora wa hatsari laifi, a yi tunanin sanƙarau a ruga asibiti.

Matashin kan nan na kujerar mota da muke ɗauka ado ne, shi ne ke tare kai kar ya tafi baya. Samansa ya zo daidai da saman kanka, kuma ya matso kusa da ƙeya, in yana can ƙasa wajen wuya kai ta samansa zai lanƙwasa. Motocin haya da yawa an cire shi gaba ɗaya, kwanaki na shiga wata a tasha na tambayi direba ina na kujerar gaba, ya ce yana but, wai yana hana na baya ganin hanya. Na ce ya ɗauko, ya yi tsaki ya ɗauko, fasinjoji suna ta min dariya har muka fita gari.