Kurakuran da ke hana 'ya'yan talakawa shiga jami'a, da waɗanda ke fitar da su bayan sun shiga

Duk lokacin da aka buɗe rajistar JAMB, ƙungiyoyin ci gaban gari da masu hali a Katsina da Daura sukan sayi fom su raba wa yaran da iyayensu ba su da ƙarfi. Taimako ne, sai dai fom shi ne mafi araha a tafiyar. Yawancin yaran nan takardu ne ke kayar da su kafin shiga, bayan sun shiga kuma rashin mai bibiya.

A fara da suna. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma abin da ke kanta shi ke hawa kan komai. Sai ka ga yaro Abubakar ne a sakamakon NECO, Garba a NIN, ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Ranar tantancewa a jami'a ake gano wannan, lokacin da gyara ya yi tsada. Tun yaro yana aji biyar na sakandare a shimfiɗa takardar haihuwa da ta NIN da rajistar makaranta a kan tabarma ɗaya, a duba harafi bayan harafi, a je ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a gyara kafin a yi rajistar WAEC ko NECO.

Sai layin waya. Ana tura NIN zuwa 55019 don a samu lambar fara rajista, kuma layin da aka tura da shi ya ɗauru da yaron ke nan. Kada a yi da layin mai shagon intanet (kafe) ko na maƙwabci. A tanadi layi na yaron, a rubuta imel da lambar sirri a littafi a ajiye a gida. Wanda ya cike fom yana jiran sakamakon WAEC ko NECO, dole ya koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora masa kiredit ɗinsa biyar, har da Turanci, da Lissafi in kwas ɗin yana buƙatarsa. In ba a ɗora ba, ko maki nawa ya ci ba za a duba shi ba. In gurbi ya fito kuma, sai ya shiga CAPS, shafin JAMB na ba da gurbi, ya karɓa da kansa.

Zaɓen kwas shi ne inda son zuciyar iyaye ke shiga. Kowa likita yake so, ko lauya, kuma a Zariya ko Kano. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da su, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Katsina na cikinsu. Amma wannan rangwame bai kai wanda makinsa ya gaza na sashen ba. A dubi makin yaro da idon gaskiya, in ya kama a canza kwas ko makaranta da wuri. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna kusa, kuma kusanci kuɗi ne: ana iya aika masa da gero da wake a motar haya. Wanda bai samu ba kada a zaunar da shi. Akwai makarantar share fage ta ABU a Funtuwa, akwai NCE a Kwalejin Isa Kaita, akwai difloma a Kwalejin Hassan Usman, kuma da sakamako mai kyau ana shiga jami'a daga aji biyu.

Bayan an samu gurbi, kuskuren da ya fi yawa shi ne a biya kuɗin rajista a ɗauki hoto a watse. Ɗaki, abinci, kuɗin mota, data da hoton takardun lakca su ke cinye ɗalibi a wata na biyu. Gara mai taimako ya ɗauki yara biyar ya riƙa ba su wani abu duk wata har su gama, da ya saya wa ɗari fom. A kuma nemi bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, da aka fara a 2024. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, wanda shi ne abin da iyaye suka fi tambaya. Kuɗin makaranta kai tsaye yake zuwa asusun jami'a, ɗalibi kuma yana samun Naira 20,000 a wata. Biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ana buƙatar lambar JAMB, NIN, BVN da asusun banki mai sunan ɗalibin, kuma sai makaranta ta ɗora bayanansa.

Aji ɗaya na jami'a shi ne ramin. Gwaje-gwajen cikin zango suna ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100, sannan jami'o'i da yawa suna neman halartar kashi 75 na lakca kafin a zauna jarrabawa. Yaron da aka kira gida girbi na sati biyu, ko wanda ke kabu-kabu da safe don ya ci abinci, yana iya rasa gwaji biyu, ya faɗi kwas mai nauyi, CGPA (matsakaicin sakamakonsa gaba ɗaya) ya faɗo ƙasa da abin da jami'a ta gindaya. Daga nan gargaɗi, in bai farfaɗo ba kora. Kwas ɗin da aka faɗi shi ake fara sa wa a rajistar baɗi, kada a ɓoye shi don kunya.

In rashin lafiya, rashin kuɗi, aure ko haihuwa suka tilasta tsayawa, kada a ɓace shiru. A rubuta takardar neman jingine karatu ta hannun shugaban sashe, a riƙe kwafi mai hatimi. Wanda ya tafi ba takarda, sifili ake rubuta masa, kuma shekarun suna tafiya: kwas na shekara huɗu iyakarsa shida. 'Yan mata ne wannan ya fi ci.

Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin ɗalibi ta naɗa mutum ɗaya da zai riƙe lambar kodinetan ajinsa, wato malamin da ke kula da ajin, ya kuma ga takardar sakamako a ƙarshen kowane zango kafin a saki kuɗin zango na gaba.