Zuwa Salamanca Koyon Sifaniyanci: Makaranta, Biza da Masauki

Wanda zai je Sifaniya don harshe kaɗai, garin da zai sauka ya fara dubawa. A Barcelona zai riƙa jin Katalanci a titi, a kudu kuma mutanen Andalus suna haɗiye harafin s a ƙarshen kalma, abin da ke wahalar da sabon kunne. Shi ya sa ɗalibai da yawa ke nufar Salamanca, inda jami'ar da aka kafa a 1218 take da kwasa-kwasai na baƙi. Garin ƙarami ne, da ƙafa ake zagaya shi, haya kuma ba ta kai ta Madrid ba. Sai dai yana kan tudu mai tsayin kusan mita 800, sanyin Janairu ba na wasa ba ne.

Idan makarantar kuɗi ce, a tabbatar Instituto Cervantes, cibiyar gwamnatin Sifaniya mai kula da koyar da harshen, ta tantance ta, domin ofishin jakadanci yana duba hakan. Kwas ɗin da aka fi yi darasi 20 ne a mako, huɗu kowace rana. Ranar farko za a yi maka gwaji a sa ka a matakinka, daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na ƙwararre. Kada ka yi ƙoƙarin nuna bajinta a gwajin: ajin da ya fi ƙarfinka zai mai da kai ɗan kallo.

Zaman da bai wuce kwana 90 ba, bizar Schengen ce, wato bizar gajeren zama ta ƙasashen Turai da dama. Fiye da haka, sai bizar karatu, wadda ke neman takardar shiga makaranta, inshorar lafiya, takardar likita, da shaidar kuɗin da za ka ci, aƙalla Yuro 600 ga kowane wata. Idan zaman ya haura wata shida, a ƙara takardar 'yan sanda. A nan mutane suka fi tuntuɓe: Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Apostille, wadda ke sa ƙasashe su karɓi takardun juna da hatimi guda, don haka sai takardun sun bi ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja, ofishin jakadancin Sifaniya ya buga hatimi, sannan rantsattsen mai fassara ya juya su. Fara da wata uku kafin tafiya. Mai dogon zama kuma ya nemi katin TIE, katin shaidar baƙo mazauni, cikin wata guda da isowarsa.

Awa huɗu kawai aji yake ɗauka, sauran yinin na masauki ne da titi, kuma a can harshe yake kama baki. Wanda ya zauna da 'yan ƙasarsu zai dawo da nahawu a littafi, baki babu komai. Zama da iyali 'yan gari ya fi, ko da na wata biyu na farko ne, daga baya a koma gidan haɗaka da ɗaliban Sifaniya. Ana biyan kuɗin ajiya da suke kira fianza, yawanci na wata guda. Kada ka tura shi kafin ka ga ɗakin da idonka.

Batun abinci a faɗe shi tun kafin a sauka. Cewa ba ka cin cerdo, wato alade, bai isa ba, don da yawa ba sa lissafa jamón da chorizo, waɗanda duk naman alade ne da aka sarrafa, a matsayin nama in an yayyanka su ƙanana. Riƙe kalmomin tocino da manteca, kitsen alade ne da ke shiga miyar wake da wasu kayan gashi. Hornazo, burodin da Salamanca ke alfahari da shi, cike yake da alade. Abincin rana sai ƙarfe 2, na dare 9 ko 10, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan 10, mai azumin nafila ya sani. Gaisuwar mace da namiji sumba ce a kumatu biyu. In ba ka so, ɗora hannu a ƙirji da murmushi tun kafin a matso.

Bahaushe yana da rabin aiki a hannu. Wasulan biyar ne, a e i o u, kuma r mai karkarwa ta cikin perro yana da irinta. Kalmomin Larabci ma suna nan: azúcar sukari ne, alcalde, magajin gari, tushensa ɗaya da alƙali. Inda yake zamewa shi ne p da f, domin pino itace ne, fino kuma siriri. A tsaya gaban madubi ana rufe leɓe gam kafin a saki p. Jinsin suna kuma ba ya bin na Hausa: rana mace ce a wurinmu, el sol namiji, wata namiji, la luna mace. Haddace kowane suna da el ko la ɗinsa.

Mashayoyin kofi da yawa suna shirya intercambio, inda ake musayar hira da 'yan gari masu son Turanci ko Faransanci. Yi sharaɗi tun farko: rabin awa nasu, rabin awa naka, in ba haka ba kai ne za ka zama malami kyauta. Kafin ka dawo, zauna jarabawar DELE ta shaidar iya Sifaniyanci. Takardarta ba ta ƙarewa, ta SIELE kuwa, wata jarabawar irinta, shekara 5 take yi.