Darasi na 6: Kifin Kogi a Fadama Yake Girma

Kogin Haɗeja da na Jama'are suna watsuwa a fadamar Haɗeja da Nguru kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, wanda ke zubawa a Tafkin Chadi. Idan ruwa ya taso da damina, kifi ba ya zama a cikin kogi. Karfasa da tarwaɗa da bargi duk suna bin ruwa zuwa cikin ciyawa, a can suke saka ƙwai. Bargi sheƙa yake yi da ciyawa yana gadinta. Wata karfasar kuwa a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama ta a wannan lokaci, ya buɗe bakin ya ga ƙwai cike, to ba kifi ɗaya ya kashe ba.

'Ya'yan kifi suna samun abinci da maɓoya a cikin ciyawar fadama. Shi ya sa shekarar da ruwa ya malala sosai, ya kuma daɗe, masunta ke ganin albarkarta a kamun da ke biyo baya.

Yanzu ruwan ba ya malala kamar da. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu suna riƙe ruwa tun daga ƙasar Kano. Ga kuma kacalla, wata doguwar ciyawar ruwa, wadda ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, wani wuri ya bushe, wani ya zama ruwa ba ya janyewa. Masunci ɗaya ba shi da iko da madatsa. Amma gayyar sare kacalla a bakin magudana aikin gari ne, kuma yana yiwuwa.

Inda muka fi cutar kanmu shi ne lokacin janyewar ruwa, bayan kaka ta kama. Kifi manya da ƙanana suna komawa kogi ta 'yan ƙananan hanyoyi. Sai wani ya datse hanyar gaba ɗaya da jerin gura, wato tarkon kifi, ko ya ja taru mai ƙananan idanu, wani ma har da gidan sauro. Abin da zai kwaso 'yan mitsi-mitsi ne da ba su kai tsawon yatsa ba, a shanya su a sayar da arha. Da an bar su, da sun girma sun yi ƙwai. Mai zuba guba irin su Gamalin ya fi kowa ɓarna, domin yana kashe komai, kuma ruwan nan shi mutane da dabbobi ke sha.

Dokar kamun kifi ta Najeriya ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki. Ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato kusan inci 3, sai dai wajen kamun wasu ƙananan kifaye da ba sa girma. Tun kafin wannan doka, iyayenmu suna da tasu. Sarkin ruwa yakan rufe tafki, ba mai jefa koma ko birgi sai ranar da ya buɗe. A Argungu haka ake yi wa kogin Matan Fada, shi ya sa ake samun manyan giwan ruwa ranar biki.

Aikin gida: ku ɗauki ragarku, ku miƙar da ido ɗaya sosai, ku auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa da abin awo. Ku rubuta adadin a littafinku. Sannan ku tambayi wani dattijon masunci sunan kifi uku da ake samu a da, waɗanda yanzu suka yi wuya, ku rubuto su mu karanta tare a aji.