Darasi na 14: Kalmar Consternation

Ku buɗe littafin rubutu, ku ja layi, sannan ku kwafi wannan kalma harafi bayan harafi: consternation. Haruffanta 13 ne, saboda haka wanda ya ƙirga ya samu 12 sai ya sake dubawa, domin galibi harafin r ake tsallakewa. Kada tsawonta ya ba ku tsoro, gaɓa 4 ce kawai: con, ster, na, tion.

A gaɓar ƙarshe ɗalibai suke tuntuɓe kowace shekara. Ana rubuta tion, amma ana furta shan, kamar shan da ke cikin shan ruwa. Ba tiyon ba ne, shan ne. Ku ɗora yatsa a kan haruffan nan huɗu na ƙarshe, ku ce shan. Madalla. Ku sake faɗa, kada kowa ya ji kunyar na kusa da shi, ai koyo ya tara mu. Yanzu ku haɗa duka a hankali, kuna ƙarfafa gaɓa ta uku: kon-sta-NEI-shan. Haka ƙarshen station yake, kalmar da Hausawa suka mayar tasha, shi ma shan ne.

Ma'anar consternation ita ce tashin hankali da ruɗewa da ke kama mutum idan wani mummunan abu ya zo masa ba zato, gabansa ya faɗi, ya rasa abin yi. Ku tuna watan Oktoba na 2022, lokacin da aka sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka kuma sa 31 ga Janairu 2023 ta zama ranar ƙarshe ta karɓar tsofaffi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya riƙe damin tsofaffin kuɗi, ga layin banki har bakin titi, ya yi cirko-cirko a ƙofar shagonsa, shi ne yake cikin wannan hali. Bature zai rubuta: There was consternation in the market. Wato hankalin 'yan kasuwa ya tashi.

Na ji wasu a sahun baya sun koma tiyon. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Shan ne. Wanda ba ya maimaitawa a gida yana ɓata lokacinsa da namu. Kuma ku kiyaye ta da constipation, wadda take nufin taurin bayan gida, domin bara wani dattijo ya musanya su a gaban aji, dariya ta hana mu ƙarasa darasi.

Kalmar consternation suna ce, don haka ba a cewa I am consternation, kuma ba a yi mata jam'i. An fi ganinta a jarida fiye da hirar baki.

Aikin gida: ku rubuta ta sau 10, ku furta shan a ƙarshen kowane layi.