Yadda ake ware mutum ɗaya a poka daga kujerun farko

A teburin mutum tara na Texas Hold'em, wasan poka da ake ba kowa kati biyu, in na farko ya lallaɓo ya biya babban dole kawai (dole shi ne kuɗin da mutum biyu ke sawa tilas kafin a raba kati, ƙarami da babba), kai kuma kana kujera ta biyu, burinka ka ƙara kuɗi har kowa ya janye, ku rage ku biyu, kana magana bayansa. Matsalar ita ce akwai mutum bakwai a bayanka da ba su ce uffan ba.

Saboda haka taƙaita katunan da za ka shiga da su. Biyun 9 (wato 99) zuwa sama, AK, AQ, sai AJ da KQ in zanensu iri ɗaya ne. Shi ke nan. Su K10 da A7 na kujerar mai rabawa ne, inda mutum biyu kawai ke bayanka. Damar wani cikin bakwai ɗin ya riƙe QQ, KK, AA ko AK ta kusa kashi 17 cikin 100, ba wasa ba ce. Ƙananan biyu kamar 44 kuwa kada ka ware da su, kusan sau ɗaya cikin takwas suke zama uku a katunan farko, wato katuna ukun da ake fara buɗewa a tsakiyar tebur.

Girman ƙarin shi ne inda sababbi ke faɗuwa. A ce dole 100 da 200 ne. Sabon ɗan wasa sai ya tura 500, wai kada ya kori mutumin. Wa zai gudu daga 500? Mai rabawa ya bi, masu dole biyu su bi, ka wayi gari da AQ cikin mutum biyar, ka ga ba wanda ka ware. Ƙa'idar ita ce ninki huɗu na babban dole, da ƙarin ɗaya kan kowane mai lallaɓowa, wato 1,000 a nan. A teburin abokai irin na Barnawa, inda ba mai son ajiye kati, kai shi 1,200 ko 1,400. In har yanzu uku na bi, daina warewa da AJ da KQ, jira manya. Kuma kada girman ya riƙa canzawa da ƙarfin katinka, cikin awa ɗaya za a karance ka.

Dubi wanda za ka ware. Mai shiga kusan kowane zagaye, yana da aƙalla ninki 50 na babban dole a gabansa, shi ake nema. Wanda ya yi shiru tun magariba sannan ya lallaɓo daga kujerar farko, yi hattara, sau da yawa AA ko KK ya ɓoye. In ya mayar maka da ƙari, ajiye AQ da 99 ba gardama.

In mai lallaɓowar ya bi 1,000 ɗin shi kaɗai, tukunya, wato kuɗin da ke tsakiya, ta zama 2,300. Katuna biyu mabambanta ba sa haɗuwa da katunan farko kusan sau biyu cikin uku, don haka galibi bai samu komai ba, in aka buɗe K-7-2 tura 800. A kan 9-8-7 da AK a hannu, wuce kawai ba tare da sa kuɗi ba. In wani na bayanka ne ya bi, ban da masu dole, rage ruɗi, don shi ke magana a ƙarshe yanzu.