Ga mai wayarin ɗin da ke shirin zuwa Landan

Da na zo gida hutun bana daga Landan, inda nake aikin lantarki, samari uku daga ƙauyukan da ke kewaye da Ringim sun same ni a zauren mahaifinmu bayan la'asar, kowannensu da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago a hannu, ɗaya ma har da shaidar hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB. Tambayarsu ɗaya ce, wato ko da waɗannan takardu mutum zai iya sauka Landan ya fara karɓar kwangilar wayarin da sunansa. Na amsa musu a gurguje a ranar, sai na ga ya dace in rubuta amsar da tsawo, domin 'yan'uwa daga Taura da Babura da Bichi ma suna yawan yi mini ita ta waya.

Ƙannena, hannunku ba shi da laifi. Wanda ya ja wutar masallacin Juma'a, ya haɗa sola a rijiyar burtsatse, ya san aiki. Kuma Ingila za ta zo muku da sauƙi ta fuska guda, domin ƙarfin wutarta volt 230 ne kamar namu, soket ɗinta ma mai ƙafa uku ne irin wanda muka gada daga wurinsu, ba kamar Amurka ba, inda soket ɗin gida yake ɗauke da 120, kuma kowace jiha ko birni ke da nata lasisin. Sai dai a Landan ba a biyan ɗan kwangila don kwan fitila ya kama kawai. Ana biyansa ne domin ya auna aikin, ya rubuta sakamakon, ya sa hannu cewa idan wani abu ya faru shi ne zai amsa.

Kafin komai, a duba biza. Bizar ziyara ba ta halatta aiki, bizar karatu ta hana mutum yin sana'ar kansa, bizar ƙwararren ma'aikaci kuwa tana ɗaure mutum ne da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Wanda ya karɓi aiki a ɓoye da irin waɗannan takardu ya jefa zamansa cikin haɗari tun bai fara ba.

Ingila ba ta da lasisi guda da gwamnati ke miƙa wa mai aikin lantarki, tsani ne ake hawa mataki mataki. Littafin ƙa'idar wayarin shi ne BS 7671, wanda bugunsa na 18 ya fito a 2018, kuma akwai jarrabawa a kansa. Bayanta akwai shaidar ƙwarewa ta NVQ mataki na 3, wadda ake tara hujjojinta a wurin aiki na gaske, sannan gwajin hannu na AM2, inda za a tsayar da kai ka haɗa, ka auna, ka gano matsalar da aka ɓoye da gangan. Da waɗannan ne ake samun katin ECS mai ruwan zinariya, wanda manyan wuraren gini ke tambaya tun daga bakin ƙofa. Hukumar UK ENIC tana kwatanta takardun ƙasashen waje da na can, amma kwatancen ba ya ɗauke wa kowa waɗannan jarrabawowi. Saboda haka yawancinmu mun fara ne a matsayin mataimaka, muna ɗaukar tsani muna fasa bango a ƙarƙashin wanda muka girme shi. Abin yana da nauyi ga mutumin da ya bar yara biyar a shagonsa, amma a nan ne ake koyon yadda gidajensu suke.

Akwai ɗabi'a guda da nake roƙonku ku bar ta a gida. Mu mun taso ne a inda ake ɗauke wuta, har muka saba da jiran a ɗauke mu yi aiki, ko mu taɓa waya da 'yar tasta mai kwan ja mu ce babu komai. A makona na farko, ogan da nake bi ya ga wannan tasta a aljihuna, ya karɓe ta, ya zaunar da ni a gaban akwatin rarraba wuta. Ya kashe bireka, ya sa mata ƙaramin kwaɗo, ya jefa makullin a aljihunsa, ya rataya takardar gargaɗi. Ya gwada na'urar awonsa a inda ya tabbata akwai wuta, ya auna layin da za mu taɓa, sannan ya sake gwada na'urar don ya tabbata ba a tsakani ta mutu ba. Sai bayan haka ya ce in ɗauki filaya. A Landan waya tana da wuta dare da rana, kuma wanda zai mayar da bireka yana iya kasancewa a wani bene bai san kana ciki ba.

Launin waya ma tarko ne. Tsakanin 2004 da 2006 suka bar ja da baƙi da muka saba da su, suka koma ruwan ƙasa ga layif da shuɗi ga nutural. A layi mai fuska uku abin ya fi muni, domin shuɗi da a da yake ɗauke da wuta yanzu shi ne nutural, baƙi kuwa da yake nutural yanzu yana ɗauke da wuta. Tsofaffin gidajen birnin cike suke da launukan biyu a akwati ɗaya.

Matakin zama ɗan kwangila mai cin gashin kai yana zuwa ne ta Sashe na P na dokokin gini, wanda ya fara aiki a 2005. Jan sabon layi a gida ko sauya akwatin rarraba wuta dole ne a sanar da ƙaramar hukuma, sai dai idan mutum yana da rajista da ƙungiya irin NICEIC ko NAPIT, wadda ke ba shi damar shaida aikinsa da kansa. Su kuma sai sun aiko mai duba aiki ya ga abin da ka yi, ya ga na'urorin awonka da takardar inshorarka, kuma za su riƙa dawowa. A ganina, wanda ya ƙware a awo ba zai rasa abinci ba, domin tun daga 2020 doka ta wajabta wa masu gidajen haya a Ingila su sa a binciki wayarin ɗinsu aƙalla duk shekara 5, gidajen haya kuwa sun yi yawa a Landan.

Lissafin kuɗi yana bukatar natsuwa. Idan kana yi wa babban ɗan kwangila aiki, ana cire kashi 20 cikin ɗari na ladanka a matsayin haraji idan ka yi rajista da hukumar haraji ta HMRC, kashi 30 idan ba ka yi ba. Tsohuwar motar dizal tana jawo biyan kuɗin gurɓata iska na fam 12.50 a kowace ranar da ta hau titi, tun da aka faɗaɗa yankin tsaftar iska zuwa dukan birnin a Agustan 2023. Ka sa wannan da kuɗin ajiye mota cikin farashi, ka kuma rubuta farashin kafin ka fara, ko da mai gidan Bahaushe ne da kuke sallar Juma'a tare.

Samarin nan uku na ba su aikin da za su fara tun suna ƙauye. Duk gidan da suka ja wa wuta su ɗauki hotonsa, su rubuta kwanan wata da girman wayar da suka sa, su karɓi wasiƙa mai sa hannu daga ogan da ya koya musu. Su koma kan lissafin ƙarfin wuta da nauyin da kowace waya ke iya ɗauka, su kuma saba da karanta Turancin littattafan sana'a, domin jarrabawar BS 7671 da littafin a buɗe ake yin ta, kuma lokaci ne ke ƙure wa wanda bai san inda zai buɗa ba.