Idan shaci ya ɓace ko ya karkace a Photoshop: yadda ake dawo da shi

Mai gyaran hoto yakan share minti ashirin yana bin gefen mayafi ko rawani da linzami don ya raba mutum da bangon da ke bayansa, sai yatsa ya zame, layin nan mai motsi kamar jerin gwano ya ɓace. Wannan layi shi muke kira shaci. Galibi aikin yana nan bai salwanta ba, danne-dannen firgici da ke biyo baya su ne ke kashe shi. Ɗaga hannunka daga linzamin tukuna, ka gane wane irin kuskure ne, domin kowanne da maganinsa.

Shacin ya ɓace gaba ɗaya

Idan ka danna wani wuri a hoton bisa kuskure, ko ka buga Ctrl+D, to Ctrl+Z zai dawo da shi nan take. Idan kuma ka riga ka yi wani aiki bayan ɓacewarsa, kamar shafa launi da buroshi, kada ka koma baya ka rushe wannan aikin. Buga Shift+Ctrl+D, wato umarnin Reselect da ke ƙarƙashin Select. Sai dai shi shaci guda kawai yake riƙewa, na ƙarshe. Idan hannunka ya ɗan ja linzamin har aka yi wani ɗan mitsitsin shaci sabo, shi zai ba ka.

A nan sai ka buɗe History daga Window, inda kowane mataki ke jere da sunansa. Photoshop na yanzu yana ajiye matakai 50, kuma ana iya ƙarawa har zuwa 1000 ta Edit, Preferences, Performance. A kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi 100 ya wadatar, domin yawansu yana cin wuri. Wanda ke aiki da CS6 ko wani tsohon samfuri kafin CC 2019 ya sani cewa a can Ctrl+Z taku ɗaya yake yi, ka sake bugawa ya mayar da kai inda ka fito. Ctrl+Alt+Z ne ke ci gaba da ja da baya.

Akwai tarko a History. Da zarar ka koma tsohon mataki ka taɓa wani abu, duk matakan da ke gabansa sun tafi. Idan kana son tsohon shacin kuma ba ka son rasa aikin da ya biyo baya, fara danna alamar kyamara da ke ƙasan History don ta riƙe maka hoton yadda yake yanzu. Koma matakin da shacin yake, ka zaɓi Save Selection, a gurbin Document ka sa New. Shacin zai fita a fayil na daban. Dawo kan abin da kyamarar ta riƙe, ka ɗauko shi da Load Selection. Wannan yana aiki ne muddin girman hoton bai canza ba.

Kuskure ana tsakiyar zagaye

Da Polygonal Lasso ko Magnetic Lasso, kayan aikin da ake bin gefen abu da su ɗigo bayan ɗigo, muddin ba ka rufe zagayen ba, Ctrl+Z ba ya amfani. Backspace ne ke cire ɗigon ƙarshe, kowane bugu ɗigo ɗaya, har ka iso inda layin yake daidai. Esc kuwa yana watsar da zagayen duka, kuma History ba ta da labarinsa tunda ba a kammala shi ba. Ka yi nesa da wannan madanni. Idan ka kai bakin allo, riƙe dogon madannin tazara ka ja hoton, ka saki, ka ci gaba daga inda kake.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne rufewar bazata a Polygonal Lasso: ka danna sau biyu da sauri, manhajar ta ja miƙaƙƙen layi daga inda kake zuwa mafari. Mutane da yawa sukan soke su sake daga farko, alhali gefen da suka bi yana nan lafiya lau. Riƙe Shift, ka fara sabon zagaye daga cikin shacin da ke akwai, ka bi ragowar gefen, su haɗe su zama ɗaya. Saki Shift bayan dannawar farko, in ba haka ba zai tilasta layin ya bi kusurwar digiri 45. Inda miƙaƙƙen layin ya kwaso bango, Alt ne ke ragewa. Idan abin yana yawan faruwa, ƙara girman hoton don ɗigogin su yi nisa da juna, ka kuma gwada wani linzami, domin tsohon linzami yakan danna biyu da kansa.

Shacin yana nan amma ba a ganinsa

Buroshi ya ƙi shafawa, magogi ya ƙi gogewa, kana zaton manhajar ta daskare. Sau da yawa shaci ne a ɓoye. Ctrl+H yana ɓoye layin ba tare da ya sauke shi ba, sake bugawa ya bayyana. Ko kuma wani ɗan shaci mai fiksel biyu uku yana can wani lungu, Ctrl+D ya kawar da shi.

Duba kuma gurbin Feather da ke saman allo kafin ka fara. Lambar da ka bari jiya tana nan, kuma ita za ta tausasa gefen sabon shacin. Idan ta fi ƙarfin wurin da ka zagaye, gargaɗi zai fito cewa babu fiksel ɗin da aka zaɓa sama da kashi 50 cikin ɗari. Sauya lambar bayan an gama zagaye ba ya gyara komai. Mayar da ita 0 tun farko, ka tausasa daga baya da Shift+F6.

Kusakurai biyu kuma masu saurin gyara: Ctrl+I launuka yake juyawa, fuska ta koma kamar tsohon fim na kyamara, juya shaci kuwa Shift+Ctrl+I ne. Jan shaci da Move Tool, wato kayan aikin matsar da abu, ko da Ctrl a riƙe, yana yanko naman hoton ya bar rami. Duka biyun Ctrl+Z ya ishe su.

Gyaran gefe da ajiya

Idan kunne ko bakin hula ya fita daga shaci, danna Q. Wurin da ba a zaɓa ba zai rufu da jan launi. Shafa fari da buroshi don ƙarawa, baƙi don ragewa, X yana musanya su, Q kuma ya mayar da kai. Wannan ya fi sake zagaye sauƙi nesa ba kusa ba, musamman a gashi da leshi.

Duk shacin da ya ci maka fiye da minti biyar, ajiye shi da Save Selection ka ba shi suna, sannan ka adana fayil ɗin a PSD ko TIFF. JPEG ba ya ɗaukar shaci, History kuma tana gogewa da zarar an rufe fayil ko wuta ta ɗauke. Wajen cire bango, yi amfani da Layer Mask, wato rufin da ke ɓoye bango ba tare da ya goge shi ba, maimakon Delete, domin abin da ya rufe yana nan a ƙasa, farin buroshi zai fito da shi ko bayan mako guda.

Masu GIMP, wata manhajar gyaran hoto, su lura, madannan sun bambanta. A can Shift+Ctrl+A ne ke sauke shaci, Ctrl+D kwafin hoton duka yake yi, rage shaci da Ctrl ake yi, jan rufin yana fitowa da Shift+Q, ajiya kuma tana ƙarƙashin Select da sunan Save to Channel, a fayil ɗin XCF.